Fashin baƙi: wai sakaci ne ke sa 'yan sane su yi wa mutum sata, ko akwai abin da ba mu gane ba?

Tun shekarar 2023 da bidiyon wata mata 'yar birnin Venis na Italiya mai suna Monica Poli ya karaɗe TikTok, tana bin 'yan sane a tasha da kan gada tana kwarma ihu tana tona musu asiri a gaban baƙi, maganar nan ba ta lafa ba. Kullum sai ka ga sabon bidiyo, ko an zare wa wani walat a jirgin ƙasa, ko wani a kan babur ya fizge wayar wata yana gudu. Kuma duk inda aka saka irin wannan sai mutane su rabu biyu, wasu su ce ai sakaci ne, mutum da hankalinsa ya za a yi a sa masa hannu a aljihu bai ji ba, wasu kuma su ce tsautsayi ne kawai ba ya wuce ranarsa, ba abin da zaka iya yi. To wanne ne gaskiya? Ni dai a ganina duka biyun sun kauce, kuma kaucewar tana cutar da mutane, domin na farko yana sa ka ji kai ba wanda ya isa, na biyu kuma yana sa ka miƙa wuya tun kafin a zo maka.

Da farko, ba abu ɗaya ba ne

Mutane suna haɗa su a ce musu ɓarayi kawai, amma aikinsu daban ne, kuma maganin kowanne daban. Ɗan sane shi ne wanda zai zare maka abu daga aljihu ko jaka ba ka sani ba, ba faɗa ba hayaniya, wani lokacin har ya ce maka yi haƙuri yana wucewa. A cikinsu akwai masu yankan aljihu, waɗanda ke amfani da reza su tsaga ƙasan jaka ko gefen aljihu kayan su zubo hannunsu. Ɗan fizge kuma bai damu ka sani ba, shi gudu ya dogara da shi, ya wafce waya ko jaka ko sarƙa ya ɓace kafin ka gama mamaki. Sai kuma ƙwace, inda ake nuna makami ko a yi amfani da ƙarfi, wannan kam fashi ne, ba shi muke zance a kai ba sosai amma zan taɓo shi a gaba saboda fizge yana iya rikiɗewa ya koma shi cikin daƙiƙa ɗaya.

Bambancin yana da amfani domin ɗan sane yana son cunkoso, ɗan fizge kuma yana son fili da hanyar tsira. Wato wajen da ka tsere wa ɗaya, nan ne ɗayan ke jiranka.

Hankali suke fara sacewa

Wannan shi ne gundarin maganar, kuma shi ne abin da masu cewa sakaci ne ba su gane ba. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. A 1999 wasu masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun yi wani gwaji da ya yi suna, suka nuna wa mutane bidiyon matasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riga suka miƙa ƙwallon. A tsakiyar wasan wani ya shigo sanye da kayan goggon biri, ya tsaya, ya bubbuga ƙirjinsa, ya fita. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam, alhali idonsu na kan allon. Ba dolaye ba ne, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce haka take, in ta ɗauki aiki ɗaya sai ta saki sauran.

Ɗan sane bai karanta wannan a littafi ba amma da shi yake ci. Haka nan jiki, in an bangaje ka a kafaɗa da ƙarfi, ba zaka ji yatsu biyu da suka shiga aljihun wandonka a lokaci guda ba, babban taɓi yana danne ƙarami. Shi ya sa zaka ji wanda aka yi wa yana rantsuwa wallahi ban ji komai ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Na taɓa ganin abin da idona a wata tashar jirgin ƙasa, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Wani dattijo ne da jakar tafiya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da matarsa, ƙofa ta buɗe mutane suka fara turawa. Wata yarinya da ke gabansa ta tsaya cak a bakin ƙofar kamar ta manta wani abu, dole ya tsaya, na bayansa suka matse shi, wani saurayi da rigar sanyi rataye a hannu ya manne masa ta gefe. Ƙararrawar rufe ƙofa na kaɗawa su biyun suka zame suka koma waje, ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi. Ni kaina da nake kallo ban gane me ya faru ba sai da dattijon ya fara lalube aljihunsa, fuskarsa ta canza, yana ta maimaita wa matarsa cewa yanzun nan fa yana nan. Duka abin bai kai daƙiƙa goma ba.

Kaga a nan ba mutum ɗaya ba ne. Galibi ƙungiya ce, akwai mai tare hanya, akwai mai kare idon jama'a da jikinsa ko da riga ko jarida ko taswira, akwai mai zarowa, sai mai karɓa wanda nan take ake miƙa masa ya yi gaba. Shi ya sa ko ka cafke hannun wanda kake zargi, a caje shi tas ba a samu komai, kai ka koma mai laifin ƙazafi.

Dabarun da suka fi yawa

Ba zan iya lissafa su duka ba, kuma suna canza kaya kullum, amma uwarsu ɗaya ce. Akwai wanda zai watsa maka wani ruwa mai kama da kashin tsuntsu a baya, sai wani mai kirki ya bayyana da tishu yana taya ka gogewa, yana gogewa yana lalube. Akwai masu yawo da takarda a kan allo wai ka sa hannu don taimakon kurame, an san su sosai a wuraren yawon buɗe ido na Faris, allon da aka tura maka a ƙirji shi ke rufe maka ganin jakarka. Akwai wanda zai zo teburinka ya shimfiɗa taswira ko takarda a kan wayarka yana tambayar hanya, in ya ɗauke takardarsa ya ɗauke har da wayar. Akwai masu ɗaura maka zare a hannu wai kyauta ce, hannunka na riƙe hankalinka na wajen gardama. A birnin Basalona na Sifaniya har akwai masu zuwa da wasa da dariya suna saƙala ƙafarsu a taka kamar ana taka leda, musamman da dare in sun ga mutum ya gaji. Sai kuma 'yan sandan bogi da za su nuna maka wani kati su ce su ga walat ɗinka wai ana binciken jabun kuɗi.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne allon gargaɗi, irin wanda ake rubutawa a yi hattara da 'yan sane. Mutum na karantawa sai hannunsa ya tafi kai tsaye inda ya ajiye kuɗinsa ya ɗan shafa. Wanda ke tsaye a gefe yana kallo shikenan an gama masa rabin aiki.

Abin lura dai, duk lokacin da baƙo ya matso jikinka fiye da yadda hali ya buƙata, ko wani abin mamaki ya faru kwatsam a gabanka, faɗa ne ko faɗuwa ko wani ya zubar da kuɗi a ƙasa, to hannunka ya fara sauka a kan kayanka kafin idonka ya tafi kallo.

Me ya sa baƙo ne abin nema?

Ba don baƙo wawa ba ne. Baƙo yana ɗauke da komai nasa a jiki, fasfo, kuɗi, kati, waya mai tsada, idonsa na sama yana kallon gini, bai san yadda mutanen wajen ke tsayuwa ba balle ya gane wanda ya tsaya tsayuwar da ba ta dace ba. Sannan uwa uba gobe ko jibi zai tafi, ba zai zauna zaryar kotu ba. A titin La Rambla na Basalona, ko wajen maɓuɓɓugar Trevi a Rum, ko motar bas mai lamba 64 da ke tashi daga tashar Termini zuwa wajen Batikan wadda ta daɗe da yin ƙaurin suna, duk abu ɗaya ne ya haɗa su, jama'a a matse kuma hankalin kowa na wani waje.

Kuma kar ka ɗauka ƙaramar matsala ce. A watan Afrilun 2013 sai da aka rufe gidan tarihi na Louvre a Faris na yini guda saboda ma'aikatansa sun yi yajin aiki, sun ce sun gaji da gungun 'yan sane da ke addabar baƙi har da su kansu. A watan Mayun 2015 ma'aikatan hasumiyar Eiffel suka yi irin haka, aka rufe ta na sa'o'i. In masu gadin waje da kansu sun ajiye aiki, ka san abin ya wuce batun sakacin mutum ɗaya.

Waya ta canza lissafin

Da can in an yi maka sane, abin da ke cikin walat ɗin shi ka rasa, ka yi jimami ka haƙura. Yanzu waya ce, kuma waya ita ce bankinka, ita ce tikitinka, ita ce taswirarka, a cikinta lambar kowa naka take. A Landan kaɗai alƙaluman 'yan sanda sun nuna an sace wayoyi wajen 80,000 a 2024, da yawa ta hanyar masu fizge a kan keke mai batir wanda ba ya ƙara, yana hawa gefen titi ta bayanka ba ka ji zuwansa ba. A watan Oktoban 2025 'yan sandan birnin suka sanar da kama wani gungu da ake zargi da fitar da wayoyin sata har kusan 40,000 zuwa China. Wato yaron da ya fizge ba shi ne ƙarshen zance ba, akwai kasuwa babba a bayansa.

Dalilin da ya sa suka fi son fizge waya a hannu tana kunne shi ne a buɗe take. Wasu ma sai sun tsaya a bayanka sun ga lambar sirrin da kake dannawa tukuna su ɗauke, domin da lambar nan za su iya canza komai su rufe ka a waje, su shiga manhajar banki. Wannan ne ya sa Apple ya fito da Stolen Device Protection a Janairun 2024, wanda ke neman fuska ko yatsa kafin a canza muhimman abubuwa, Google ma ya kawo Theft Detection Lock a shekarar, wanda ke kulle allo in wayar ta ji alamar an fizge ta an ruga, a Birazil aka fara gwada shi. Dan Allah in wayarka na da su ka shiga ka duba ko a kunne suke, minti biyu ne. Ka danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka mai lamba 15, a takarda, ka sa wa layinka lambar sirri domin kar a cire shi a sa a wata waya a riƙa karɓar saƙonnin banki, kuma lambar buɗe waya ta bambanta da ta banki.

Inda ake gardama

Ɓangare na farko su ne masu cewa laifin doka ne. A Sifaniya misali, satar da ba ta wuce yuro 400 ba, ƙaramin laifi ce da galibi tara ake ci, shi ya sa mazauna Basalona suka daɗe suna kukan ana kama mutum da safe a gan shi a tasha da yamma, har a 2022 aka gyara dokar don tsananta wa masu maimaitawa. A Italiya kuma wani gyaran doka da ya fara aiki a ƙarshen 2022 ya sa irin wannan sata da yawa ba a gurfanar da mutum sai wanda aka yi wa ya shigar da ƙara da kansa, to baƙon da jirginsa zai tashi gobe ina ya ga wannan lokacin. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, ba musu.

Ɓangare na biyu suna cewa kama na ƙasa ba ya gama komai, domin da yawa daga cikin yaran da ake gani a tasha ƙanana ne da manya ke turawa, wasu ma safararsu aka yi, in an kama goma gobe a kawo wasu goma. Su a wajensu a bi masu saye da masu fitarwa, a kuma matsa wa kamfanonin waya su sa wayar sata ta zama ba ta da amfani ko ina aka kai ta. Ni na fi karkata nan, domin ranar da wayar sata ta daina kuɗi ranar fizge zai ragu.

Sai batun ɗaukar bidiyo da tona asiri. Yana taimakawa wajen faɗakarwa, gaskiya ne, amma yana da haɗari, domin daga nan ake fara cewa 'yan ƙabila kaza ko masu launi kaza su ne ɓarayi, sai a riƙa wulaƙanta marar laifi. Kuma wannan tunanin shi kansa tarko ne, kana can kana harar mai tsummokara, wanda zai yi maka aiki yana gefenka sanye da kaya masu kyau da kyamara a wuya kamar ɗan yawon buɗe ido. Haka batun taron dangi a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo, abu ne da nake ƙi har cikin raina, tunda mun riga mun ga kayan ba sa zama a hannun wanda ya ɗauka, sau da yawa wanda jama'a suka rufar wa ba shi ne ba.

To me mutum zai yi a aikace?

Tunda mun yarda hankali yana da iyaka, kar ka dogara da cewa zaka riƙa lura kowane lokaci, ba mai iyawa, musamman in ka sauka daga doguwar tafiya ga gajiya ga kaya ga yara. Shirin tun daga ɗaki ake yinsa. Aljihun baya ka manta da shi kwata-kwata, haka aljihun waje na jakar goyo. Ka raba kuɗinka, ɗan abin kashewa na yau a inda hannu ke kaiwa, sauran da kati na biyu a lalita a cikin riga ko a bar su a ma'ajiyar masauki, yadda in an ɗauki ɗaya ba a tsaida maka tafiya ba. Fasfo in ba dole ba kar ka yi yawo da shi, amma ka duba dokar ƙasar domin wasu suna buƙatar baƙo ya riƙe na ainihi, kuma ko ya ya ne ka ajiye kwafinsa daban.

Jaka a rataya ta a gicciye ta zauna a gaba, zif a rufe, hannu a kansa in an shiga cunkoso, jakar goyo kuma a juyo da ita ƙirji a cikin jirgi ko bas. A bakin titi jakar ta kasance ta ɓangaren gini ba ta ɓangaren motoci ba, in zaka duba waya ka matsa daga bakin kwalta ka ba bango baya. In ka zauna kar ka ajiye waya a kan tebur, kar ki rataye jaka a bayan kujera, ki sa ta a cinya ko ki zura ƙafa a igiyar. Wuraren da suka fi haɗari su ne inda tafiya ke tsayawa dole, ƙofar jirgi, ƙarshen matakala mai tafiya da kanta, wajen sayen tikiti, gaban na'urar cirar kuɗi. Wanda ke zaune kusa da ƙofa da waya a hannu shi ne na farko, domin ana fizgewa ne daidai lokacin da ƙofa za ta rufe.

Akwai walat da ake tallatawa wai tana hana a karanta katinka daga nesa, ba laifi ba ne ka saya, amma abin da ya fi faruwa shi ne a ɗauke katin gaba ɗaya a je ana ta taɓa shi a na'ura ana sayayya kafin ka farga, don haka sanin yadda zaka toshe katin cikin gaggawa ya fi maka amfani.

In abin ya riga ya faru

In fizge ne a kan babur kuma igiyar jaka na jikinka, ka saki. Na san da wuya, jiki da kansa yake riƙewa, amma mutane sun karye, wasu sun rasa rayukansu saboda an ja su a kan kwalta. In kuma an nuna wuƙa babu zancen jarumta, a miƙa kawai. Bin ɓarawo cikin lungu ma ba dabara ba ce, ba ka san su nawa ke jira a can ba.

Abu na farko bayan ka samu waje mai aminci shi ne banki, ka ari waya ka toshe kati da manhaja, sai kamfanin layi su rufe layin, sai ka shiga asusunka na Apple ko Google ta wata na'ura ka kulle wayar ko ka goge ta. Wannan ne dalilin da ya sa lambobin kiran banki da kamfanin layi da kalmar sirrin asusun suke buƙatar zama a takarda ko a kai, ba a cikin wayar da aka ɗauke ba. Daga nan ka je ofishin 'yan sanda ka karɓi takardar rahoto ko da kana ganin ba za a samo komai ba, domin kamfanin inshora zai nema, ofishin jakadancin ƙasarka ma yakan tambaya kafin ya ba ka takardar tafiya ta gaggawa in fasfo ya tafi. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce.

Sannan ka sa ran saƙo bayan kwana biyu ko uku, wai daga kamfanin wayar ne, an gano inda take, ka danna nan ka sa kalmar sirrinka. Su ne. Sun kasa buɗe wayar ne suke neman ka buɗe musu da hannunka, kar ka danna, kuma kar ka cire wayar daga asusunka duk irin magiya ko barazanar da za su turo.